Yusufa Moukoko: Shekara 16 da Kwana Ɗaya

Daren Asabar, 21 ga Nuwamba 2020, saura minti biyar a tashi wasa tsakanin Hertha da Borussia Dortmund a birnin Berlin, sai aka ɗaga allon canji. Filin yana ɗaukar mutum fiye da dubu saba'in, amma a daren nan kujeru ne kawai ke kallo, don cutar korona ta hana taro, har ihun masu horarwa ana jin sa tar a talabijin. Erling Haaland ya riga ya zura ƙwallo huɗu, aikinsa ya ƙare, ya nufo bakin layi. Wanda ke tsaye yana jiran sa, cikin riga mai lamba 18, yaro ne da ya cika shekara 16 ranar Juma'a, kwana ɗaya tak kafin wasan. Suka gaisa, yaron ya ruga cikin fili. Tun da aka kafa gasar Bundesliga a 1963 ba a taɓa sa ɗan wasa mai ƙarancin shekarunsa ba. Sunansa Youssoufa Moukoko. A bakinmu dai Yusufa ne, kuma haka zan kira shi.

A lokacin sanyi agogon Jamus da na Nijar tafiyarsu ɗaya. Ke nan sa'ad da yake taka ciyawar Berlin, a garinmu Safo da ke yankin Maraɗi an daɗe da sallame lisha, ƴan fada sun kewaye gawayi ana jiran shayi na biyu ya nuna. Samarinmu ba su cika bin gasar Jamus ba. Gardamarsu a kan Madrid da Barcelona take, sai ƙungiyoyin Ingila. Labarin Bundesliga galibi ta rediyo yake zuwa, a Sashen Hausa na DW. Ni ma da sunan zai wuce ni kamar sauran sunaye, ba don na ji unguwar da yaron ya tashi ba.

A Yawunde, babban birnin Kamaru, akwai unguwar da ake kira Briqueterie, ma'ana wurin buga bulo. Duk Bahaushen da ya taɓa sauka a birnin ya san ta, domin ita ce unguwar Hausawa. Nan fatake suka yi zango tun zamanin kakanni, nan babban masallaci yake, nan ake samun masu atamfa da shadda da teloli, kuma idan yamma ta yi hayaƙin tsire ya tashi, har manyan ma'aikatan gwamnati sukan ajiye motoci su zo layi. A wannan unguwa Yusufa ya yi shekara goma na farkon rayuwarsa, a hannun kakanninsa, yana buga ƙwallo a lungu kamar kowane yaro. Takardunsa sun ce an haife shi ranar 20 ga Nuwamba 2004. Idan mutumin Safo na son ya gane shekarunsa, ya tuna shekarar da fara ta sauka a ƙasar nan, wadda yunwar 2005 ta biyo bayanta. Yaran da ke goye a bayan uwayensu lokacin da ake layi a cibiyoyin tamowa na Maraɗi, su ne sa'o'insa.

A 2014 aka ɗauke shi zuwa Hamburg, wurin mutumin da takardu suka nuna mahaifinsa ne, ɗan Kamaru da ya daɗe a Jamus har ya zama ɗan ƙasa. Ka ƙaddara yaro ɗan shekara goma, wanda bai san sanyin da ya wuce na damina ba, an sauke shi a birnin tashar jiragen ruwa inda rana ke faɗuwa tun ƙarfe huɗu a watan Disamba, ba ya jin harshen mutane, su ma ba su jin nasa. Abu ɗaya ya zo da shi wanda ba ya buƙatar tafinta, wato ƙafarsa ta hagu. Ƙungiyar St. Pauli ta karɓe shi cikin yaranta a wannan shekarar. Kafin a je ko'ina sa'o'insa sun yi masa kaɗan, aka riƙa tura shi gaba yana wasa da waɗanda suka girme shi. Manyan ƙungiyoyi suka ji ƙamshi, a 2016 Dortmund ta yi nasarar ɗauke shi.

Abin da ya yi a makarantar ƙwallo ta Dortmund, ko a tatsuniya aka faɗa sai a ce mai ba da labari ya zuba gishiri. Yana ɗan shekara 12 aka sa shi cikin ƴan ƙasa da 17. A kakar 2017/18 ya ci ƙwallo 40 a wasa 28, ƙungiyar ta ɗauki kofin ƙasa. Kaka ta gaba ya ci 50 a wasa 28. Aka ce to a kai shi wurin ƴan ƙasa da 19, ko a can zai gamu da daidai shi. Wasansa na farko a can, cikin Agustan 2019, da Wuppertal ne, aka tashi 9 da 2, shida daga ciki nasa ne. Yana da shekara 14 a ranar. Idan aka haɗa wasanninsa a waɗannan rukunai biyu, ƙwallo 141 ya zura a wasa 88. Kamfanin Nike ya sa hannu da shi tun bai isa hawa babur ba.

Salon wasansa ba mai wuyar ganewa ba ne. Ba dogo ba ne, ƙirarsa a dunƙule take, yana karɓar ƙwallo ya ba mai tsaron baya baya, ya juya da sauri kamar an murza shi, kafin gola ya gyara tsayuwa hagu ta riga ta yi magana. Bai cika son ado da ƙwallo ba. Raga yake nema, kuma da alama kullum ya san inda take ko bai ɗaga kai ba.

Tun a 2017, da ƙwallayen suka fara yawa, maganar da za ta bi shi har yau ta kunno kai. Wasu masu horarwa da ƴan jarida suka fara tambaya a fili: anya wannan ɗan shekara 12 ne? Mahaifin ya fito ya ce an yi rajistar haihuwar a ofishin jakadancin Jamus da ke Yawunde, hukumar ƙwallon Jamus kuma ta ce ta duba takardu ba ta ga abin zargi ba. A watan Satumba na shekarar ya buga wa ƴan ƙasa da 16 na Jamus wasa biyu da Ostiriya, ya ci biyu a na biyun. Surutu ya yi yawa har aka ga gara a janye shi daga tawagar ƙasa ya huta, bai koma ba sai 2020. Ina so mai karatu ya tsaya a nan kaɗan. Yaro ne da sa'o'insa ke ajin farko na kwaleji, ya buɗe waya ya tarar manya masu gemu suna auna faɗin kafaɗarsa da kaurin muryarsa a jarida, suna cewa ƙarya ce ke tafiya da ƙafa biyu.

A dokar gasar Jamus ta lokacin, ɗan shekara 16 cif bai isa buga wa manya wasa ba. Dortmund ta nemi a sauƙaƙa, a 2020 ƙungiyoyi suka amince aka mayar da iyakar shekara 16. Kowa ya san saboda wa aka yi. Daga nan sai ƙirgen kwanaki. Ya cika 16 ranar Juma'a, koci Lucien Favre ya sa shi a tawagar da za ta je Berlin, ranar Asabar ya shiga. Tarihin da ya goge na Nuri Şahin ne, wani ɗan Dortmund ɗin, wanda ya fara wasa a 2005 yana gab da cika 17. A riƙe wannan suna, zai dawo. Bayan wasan Haaland ya gaya wa ƴan jarida cewa a ganinsa babu matashin da ya kai yaron nan baiwa a duniya a lokacin. Muddin dokar na nan yadda take, mai son ya karya wannan tarihi sai ranar haihuwarsa ta faɗo daidai ranar wasa, kuma koci ya yarda da shi a ranar.

Ranar 8 ga Disamba, a Rasha, aka sa shi a wasan gasar Zakarun Turai da Zenit, yana da shekara 16 da kwana 18. Tarihin da ya karya a daren, na ɗan Kaduna ne. Celestine Babayaro ya kafa shi a watan Nuwamban 1994, sa'ad da Anderlecht ta Beljiyam ta sa shi a wasa da Steaua yana ɗan shekara 16 da kusan wata uku, kuma tun kafin hutun rabin lokaci alƙalin wasa ya ɗaga masa jan kati. Babayaro ya ci gaba har ya ci ƙwallo a wasan ƙarshe na gasar Olamfik ta Atlanta a 1996, inda Najeriya ta doke Ajantina, sannan ya yi shekaru a Chelsea. Shekara 26 tarihin yana hannun yaron da ya tashi a Kaduna, da zai bar hannunsa sai ya faɗa hannun wanda ya tashi a unguwar Hausawan Yawunde. Na ji daɗin wannan a raina, ba zan ɓoye ba.

Kwana goma bayan haka ya koma Berlin, wannan karo gidan Union. Taiwo Awoniyi, ɗan Ilori, ya fara ci wa masu gida. Ba a yi minti biyar ba aka zuro wa Yusufa ƙwallo ta gefen hagu, ya bi ta a guje, bai tsaya gyara ta ba, ya narka ta sama ta kusurwar da gola ke tsaye. Ragar ta girgiza kafin golan ya ɗaga hannu. Shekara 16 da kwana 28, mafi ƙuruciya da ya taɓa ci a Bundesliga. Dortmund ta sha kashi 2 da 1 a daren, amma washegari hotonsa ne a gaban jaridu.

Cikin wata ɗaya ya tara abin da wasu ke shekara goma ba su samu ba. Sai dai duk abin da ya tara iri ɗaya ne: mafi ƙuruciya a wannan, mafi ƙuruciya a wancan. Jarin da ke hannunsa ƙuruciya ce, ita kuwa kullum gari ya waye raguwa take yi. Ɗan wasan da aka san shi da gudu yana iya kula da gudunsa, wanda aka san shi da bugun tazara yana iya ƙara gogewa, amma wanda aka san shi da ƙarancin shekaru, ko barci yake yi ana zaftare masa.

Jiki ma ya fara karɓar bashinsa. Tsakanin yara shi ne mai ƙarfi, tsakanin manya kuwa ya tarar da masu tsaron baya da suka yi shekara goma suna cin abinci da wannan sana'a, ba sa juyuwa da sauƙi, kuma sun san inda ake taka yaro. A watan Maris na 2021 ya ji rauni a ƙafa, kaka ta ƙare yana jinya, Dortmund ta ɗauki kofin ƙalubale na Jamus yana kallo daga gefe. Kaka ta gaba ciwon tsoka ya riƙa dawowa, ga Haaland a gabansa, wanda babu kocin da zai ajiye shi a benci.

Hasken ya dawo a 2022. Haaland ya tafi Manchester City, Sébastien Haller na Kwaddibuwa da aka sayo ya maye gurbinsa aka gano yana da cutar daji tun kafin ya buga wasa ko ɗaya, ƙofa ta buɗe. Ranar 17 ga Satumba aka yi karon Dortmund da Schalke, maƙwabta biyu da gabarsu ta girmi kakannin ƴan wasan. Yusufa ya shigo daga benci, an kusa minti tamanin babu ci, sai Marius Wolf ya ɗago ƙwallo, yaron ya tashi ya sa mata kai. Mutum dubu tamanin suka miƙe. Da wannan ƙwallo ɗaya aka tashi. A farkon Nuwamba ya ci Bochum biyu, ya zama mafi ƙuruciya da ya kai ƙwallo goma a gasar. Hansi Flick ya kira shi tawagar Jamus ta gasar cin kofin duniya. Ya fara buga wa manyan ƙasar wasa ranar 16 ga Nuwamba da Oman, rabon da Jamus ta sa mai ƙarancin shekarunsa tun Uwe Seeler a 1954. Ranar 23 ga wata, a Katar, aka sa shi a minti na ƙarshe da Japan, yana da shekara 18 da kwana uku. Jamus ta sha kashi 2 da 1, aka kuma fitar da ita tun a zagayen rukuni. A watan Janairun 2023, bayan doguwar ja-in-ja kan albashi, ya sabunta kwantiraginsa zuwa 2026.

Akwai wani nauyi da yake ɗauke da shi tun kafin nan, wanda sa'o'insa fararen fata ba su san shi ba. A watan Oktoban 2020, a wasan ƴan ƙasa da 19 a gidan Schalke, ya ci uku, wasu ƴan kallo suka bi shi da zagi da barazana har sai da ƙungiyar ta fito ta ba da haƙuri. Yana da shekara 15. A watan Yunin 2023, a gasar ƴan ƙasa da 21 ta Turai, Jamus ta yi kunnen doki 1 da 1 da Isra'ila, shi da Jessic Ngankam kowa ya ɓarar da fenariti. Kafin su fito daga ɗakin canza kaya, shafukansu na intanet sun cika da hotunan birai. Yusufa bai yi shiru ba. Ya ce wa ƴan jarida idan an ci wasa dukansu Jamusawa ne, idan an faɗi sai a tuna su baƙaƙe ne. Duk wanda ya taɓa zaman baƙunta, ko a Libiya ko a Aljeriya, ba sai an yi masa fassarar wannan magana ba.

Daga 2023 abubuwa suka fara zamewa, ba da ƙara ba, a hankali. A Fabrairu ya ji rauni a idon sawu. A Mayu Dortmund ta saki kofin Bundesliga a ranar ƙarshe, a gidanta, da ta kasa doke Mainz. A Agusta aka sayo Niclas Füllkrug, wanda shi ne ya canje shi a wasan Oman ya kuma ci ƙwallon. Yusufa ya koma mai shigowa saura minti goma, ƙwallo biyar ya ci a gasar a kakar. Ranar 1 ga Yunin 2024 Dortmund ta buga wasan ƙarshe na Zakarun Turai da Real Madrid a Wembley, ba a sa shi ba. Bayan makonni aka naɗa sabon koci, ba kowa ba ne sai Nuri Şahin, mutumin da ya goge wa tarihi. Aka sayo Serhou Guirassy ɗan Gini, aka ƙara da Maximilian Beier, yaron ya gane babu wuri. A ƙarshen Agusta aka ba da aronsa ga Nice ta Faransa, wadda ɗan wasan gabanta Terem Moffi na Najeriya ke jinyar gwiwa. A watan Satumba Nice ta yi wa Saint-Étienne ruwan ƙwallo 8 da nema, biyu nasa ne, aka ce ga shi ya dawo. Daga su ƙafar ta bushe, benci ya sake karɓar sa.

Yana cikin wannan hali, a watan Disamban 2024, tashar talabijin ta ProSieben ta nuna wani shiri kan cinikin yara ƴan ƙwallo. A ciki mutumin da ya kai shi Hamburg, wanda ya shekara da shekaru yana kare ranar haihuwarsa, ya juya magana. Ya ce shi ba mahaifinsa ba ne, ya ce a watan Yulin 2000 aka haifi yaron, kuma shi da kansa ya sa aka rage shekarun. Dortmund ta amsa cewa sunayen iyaye da ranar haihuwa da take aiki da su daga takardun shaida ne da hukumomin Jamus suka bayar. A hukumance ranar haihuwarsa tana nan 20 ga Nuwamba 2004, kuma mai zargin mutum ne da ya faɗi magana biyu masu karo da juna, bayan dangantakarsu ta yi tsami.

An yi ta gardamar wannan a fada, wasu na cewa ai dama sun faɗa, wasu na cewa hassada ce. Ni inda na tsaya daban ne. Idan zargin ƙarya ne, to an ɗora wa yaro ƙazafi tun yana ɗan shekara 12, daga ƙarshe aka sa wanda ya kira baba ya soke shi a gaban duniya. Idan kuma akwai gaskiya a ciki, yaro ba ya zuwa ofis ya rubuta wa kansa takardar haihuwa, ba ya sayen tikitin jirgi, ba ya sa hannu a kwantiragi. Manya ne ke yi, su ne kuma ke fara cin riba. Ta kowace fuska aka duba, wanda ya biya kuɗin sabulu shi ne wanda ba a yi shawara da shi ba.

Abin da ya sa zargi irin wannan ke kama ɗan Afirka da sauri kamar wuta a busasshen kara, mu ma muna da hannu a ciki. Tun gasar duniya ta ƴan ƙasa da 17 da aka yi a Najeriya a 2009, wadda Kano da Kaduna da Bauci suka karɓi wasanninta, FIFA ke amfani da na'urar MRI tana ɗaukar hoton wuyan hannu. A ƙarshen ƙashin hannu akwai wani tsagi mai taushi inda ƙashi ke ƙara tsawo, idan girma ya kammala sai ya haɗe. Wanda nasa ya haɗe gaba ɗaya, ana ɗaukar ya wuce 17. Gwajin ba ya faɗin ranar haihuwa, kuma jikin mutane ba ɗaya ba ne, amma abin da ya tona ya isa abin kunya. A watan Agustan 2016, ana gab da karawar Najeriya da Nijar a neman gurbin gasar Afirka, ƴan wasan Najeriya 26 suka faɗi gwajin. Nijar ta fitar da masu riƙe da kofin duniya, ta wuce har gasar duniya a Indiya a 2017, inda ta doke Koriya ta Arewa ta kai zagaye na biyu. A Kamaru, ƙasar haihuwar Yusufa, gwajin da aka yi a ƙarƙashin shugabancin Samuel Eto'o ya zubar da yara 21 cikin 30. Kowane ɗaya da aka kama, yana ja wa yara goma masu gaskiya kallon tuhuma.

Kuma ba duka ba ne ha'inci. A duba katin shaidar dattawanmu a Safo, nawa ne aka rubuta musu kalmomin nan biyu na Faransanci, «né vers», wato an haife shi wajejen shekara kaza? Nawa ne aka ba 1 ga Janairu don dai a cike gurbi? Mu da abin da ya faru muke ƙirga shekaru: wane shekarar yunwar El-Buhari aka haife shi, wance kuwa daminar da gulbi ya ci gonaki. Wannan lissafi ya ishe mu aure da gado da sanin wa zai gaida wa. Ba ya isa a gaban mai duba fasfo. Yaro sai ya kai ajin jarrabawa malam ya tambayi takardar haihuwa, sannan uba ya kama hanyar Madarunfa neman hukuncin alƙali, a tsaya a dubi tsawon yaro a yanka masa shekara. Wani lokaci a rage masa biyu da gangan, wai don kada lakkol ta kore shi. Ana ganin taimako ne. Ranar da yaron ya zama wani abu, wannan taimakon ne maƙiyi zai fara tonowa.

Da rani, idan ruwan gulbi ya janye, je ka ga yaranmu da yamma a kan rairayi. Takalma biyu ne raga, ƙwallon ta sha ɗinki har ba a gane launinta, mai ita shi ne kyaftin ko bai iya ba. A cikinsu akwai mai hagun da idan ya juya sai ka riƙe baki. A watan Fabrairun 2019, da aka kawo gasar Afirka ta ƴan ƙasa da 20 Yamai da Maraɗi, irin waɗannan yara sun ga da idonsu cewa abin ba a talabijin kaɗai yake ba, ga shi nan a bakin ƙofa. Masu farautar ƴan wasa ma sun san hanya. Wanda zai zo da mota mai sanyi ya ce zai kai ɗanka Turai, abu na farko da zai tambaya shi ne shekarunsa, na biyu kuma ko za a iya gyara su.

A watan Yunin 2025 Dortmund ta sayar da Yusufa ga FC Copenhagen ta ƙasar Danmak kan kimanin Yuro miliyan biyar, wato sefa biliyan uku da ƴan kai, ya sa hannu na shekara biyar. Kuɗi ne mai yawa a kunnenmu, amma a kasuwar da ake sayen sa'o'insa da ninkin wannan sau goma, kowa ya gane abin da farashin ke faɗa. Ƙuri'ar Zakarun Turai ta haɗa sabuwar ƙungiyarsa da tsohuwar a watan Oktoba, Dortmund ta ci 4 da 2. Ranar 4 ga Nuwamba 2025, Arsenal ta sa wani yaro mai suna Max Dowman a wasanta da Slavia Prague, yana da shekara 15 da kwana 308. Tarihin da ya zauna shekara 26 a hannun ɗan Kaduna bai cika biyar a hannun Yusufa ba. Bayan kwana goma sha shida ya cika shekara 21, shekarun da yawancin ƴan wasan gaba ke fara samun gurbi, shi kuwa har an fara ba da labarinsa kamar na wanda ya gama. Ban yarda ya gama ba. A ƙaramar gasa, inda ba a ƙirga masa kwanaki, yana da damar da bai taɓa samu ba tun yana ɗan shekara 12, ta ya buga ƙwallo a auna shi da ƙwallon kaɗai. Allah Ya ba shi sa'a.

Kai kuma ɗan'uwa da aka yi wa haihuwa a wannan mako, a Safo ko a ƙauyukan da ke kewaye, ranar da za ka fita neman ragon suna ka biya ta wurin masu rajistar haihuwa, ko a likita ko a ofishin magajin gari, tun wa'adin da doka ta ɗiba bai wuce ba. Ka sa a rubuta ranar da aka haife shi, ita ɗin dai, ka karɓi takardar ka sa a leda ka adana. Idan wata rana wani ya zo ya ce a rage masa ko da shekara ɗaya ce, don makaranta ko don ƙwallo, ka ce masa a'a.